Wutar Inna Saratu

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku matso. Mai kujera ya jawo ta, marar kujera ga tabarma. Akwai maganar da na daɗe ina taunawa, ban haɗiye ba, ban kuma tofar ba, ɗarin bana ne ya tono mini ita.

Shekaranjiya da safe jikata ta matsa jikin murhu tana jin ɗumi, bakin zanenta ya taɓa garwashi. Ba wani abin kirki ba ne, ɗan rami ne kamar idon kaza. Amma da ƙaurin tsumman nan ya bugi hancina, sai da na nemi bango na jingina. Yarinyar ta ce, "Kaka, lahiya?" Na ce lahiya lau. Ƙarya na yi mata. Ƙaurin ne ya ɗauke ni cak, ya mai da ni Filinge ta zamanin Nasara, lokacin ina amarya mai ƙarfi a jika, ko ciwon kai ban sani ba.

Sunana Ladi. Ni da maigidana mutanen Arewa ne, daga wajen Dogon Dutsi. Shi kafinta ne, anka kira shi Filinge ya yi ƙyamare da bencunan lakwal, wato makarantar boko, aikin wata uku. Wata ukun nan ne ya zama zaman rayuwa. Mu Kirista ne, a lokacin kuwa in ka ƙirga masu bin Yesu a garin da hannu ɗaya, sai yatsu su yi saura. Da akwai wani akawu mutumin bakin teku mai addu'arsa da Faransanci, anka canza masa wurin aiki ya tafi. Saura mu biyu, sai Inna Saratu.

Inna Saratu Bakurfaya ce gaba da baya, 'yar asalin ƙasar Filinge. Kuturta ta kama ta tun tana da sauran ƙuruciya, ta yi tafiya mai nisa gabas inda ake maganin ciwon, ta yi shekaru a can. Ta komo ciwo ya mutu, amma ya riga ya cinye yatsun hannunta ya bar dungu, ya taɓa na ƙafa. Da bangaskiyarta kuma ta komo. Danginta ba su kore ta ba, kada in ɗauki alhakinsu. Sun kafa mata bukka a bakin gari, bayan gidan ladan, suna aiko mata da abin da ya samu. Sai dai ƙwaryarta daban, ludayinta daban.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba game da ciwon nan shi ne, ko ya warke ba ya mai da ji. Inna tana iya taka ƙaya ta yini da ita ba ta sani ba. Wuta ma haka. Gangar jikinta na jin ɗari kamar ta kowa, har ma ta fi, amma hannu da ƙafa ba su san zafi ba. Idonta kuma ya yi yana, ba ta ganin tafin ƙafarta. Don haka maigida ya jera duwatsu bakwai a ɗakinta, tsakanin shimfiɗa da murhu, ya ce, "Inna, ga iyakarki. Ko Kumandan ya kira ki daga wancan gefe, kada ki ƙetare."

Ta yi dariya ta ce, "Kumandan? Ai ko masu karɓar lanho, harajin Nasara, ba su san hanyar bukkata ba."

Duk lokacin ɗari ga yadda muke yi. Da magariba a kashe mata wuta ƙurmus, don ba a barin ta da wuta ita kaɗai, ta kwana cikin gwado biyu. Da asuba in tone tamu wutar, wadda na binne cikin toka da busasshen kashin shanu, in zuba garwashi a kasko, mu kama hanya ni da maigida. In hura mata wuta. In ɗauki ƙafafunta in ɗora a cinyata in duba ɗaya bayan ɗaya, tafi da dunduniya da tsakanin abin da ya rage na yatsu, ko ƙaya, ko tsaga, ko ƙuna, in shafe su da man shanu. Haka anka koya mata can inda ta yi jinya, wai ƙafar da ba ta ji, idon wani ne ke ji mata. Sannan maigida ya buɗe Littafi ya karanta, mu yi waƙa, mu yi addu'a, gari ya waye a kanmu. Ni ban iya karatu ba a lokacin, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da anka karanta sau biyu a gabana ya zauna ke nan.

To, sai ga shekarar da damina ta yi mana rowa. Ruwa ya fara da kyau, munka yi shuka a gonar aro, munka yi noman fari, gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sai sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, iska ta zo ta watsa shi, mu sake shanyawa. Gero ya fid da kai ba ido. Damin da ka ɗauka sai ka ji kamar tsintsiya ka ɗauka.

Wanda rumbunsa ba hatsi ba ya sa a yi masa ƙyaure. Aiki ya tsaya wa maigida. Ana gama ɗan girbin maza sunka fara ɗaure kaya, sai Kurmi, can kudu wajen bakin teku, cin rani. Babbar mota ta cika maƙil ta bi ta Bonkuku da Baleyara, ta komo ta sake cika. Maigida ya yi ta jan ƙafa, har ranar da ya leƙa rumbu ya daɗe bai fid da kansa ba. Da ya sauko ya ce shi ma zai bi.

Ranar tafiya bai yi mini dogon bayani ba. Ya tsaya bakin ƙofa da ƙunshin kayan aiki a kafaɗa, ya ce, "Ladi, karatu na cikin kanki. Wutar Inna kuma na hannunki."

Na ce, "Haba, sai ka ce baƙuwa kake ba sallahu."

Ku riƙe wannan amsa tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Watan farko, ba yabon kai ba, na yi abin a yaba. Filinge a kwari take, ɗari kuwa kamar ruwa yake, kwari yake nema ya kwanta. In ka fito da asuba sai ka ji kamar ana datsa maka kunne da aska. Ruwan randa ya zama abin tsoro, in ka kurɓa har cikin haƙori. Igiyar guga ta tsattsage mana hannu, kaushi ya buɗe baki a dunduniya har yana jini, leɓe ya fashe, dariya ma sai da dabara. Awaki su cure jikin bango, ko an buɗe musu ba su fita sai rana ta taɓa su. Ga yunwa. Kunu ya koma tsararo, kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Munka shiga daji ɗiban anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Garin rogo ya shigo kasuwa daga kudu, fari mai tsami, cikinmu bai san shi ba. Mai yunwa ɗari biyu yake ji, na waje da na ciki.

Duk da haka ina tashi. In rungume kasko a ƙirji, in rufe shi da gefen gwado, ina tafe garwashi na ɗumama mini haɓa. In hura wuta, in duba ƙafa, in karanto mata abin da ke kaina, mu kama waƙa mu biyu. Muryar Inna, ciwon ya taɓa ta, kamar ana jan ƙyauren kara a ƙasa take. Amma ba ta jin kunyarta ko kaɗan. Ta kifa ƙwarya tana bugawa da dungu, in na yi ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗaga, ɗiyata, ɗaga! Allah ba kurma ba ne, amma ɗari kurma ne, sai an yi mishi tsawa."

Tsakanin bukkar Inna da gidan ladan darni ɗaya ne na kara. Matar ladan sunanta Zali, ta girme ni da kamar shekara goma, doguwa, mai bakin da ba ya ajiye magana. Wata rana a bakin rijiya, mata cike, ta ce, "Matar kafinta, yau ma kun riga zakara. Malam ya ce in kunka ci gaba hakanan, sai shi bar muku kiran salla shi yi barcinai."

Mata sunka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wasa take yi, na sani, ba ta taɓa nufina da sharri ba. Amma ni baƙuwa ce, mijina ba ya gari, kuma wasan ya shige ni kamar ƙayar ƙarangiya a zane. Washegari na rage murya.

Ba rana ɗaya na bari ba. Da rana ɗaya ce, da na gane. Na rage murya, sannan na rage waƙa, uku ta koma ɗaya. Karatun da ke kaina ya fara zubewa, tunda ba mai sake zuba mini, ni kuma ban damu in tattara ba. Duban ƙafa ya koma leƙe daga tsaye. Asuba ta koma fitowar rana. Man shanun ƙafarta ma, ranar da yunwa ta matse ni, na lakata na sa a bakina, na ce ai gobe ma rana ce. Wata biyu ba wanda ya zo mini da ko gaisuwa daga Kurmi. In na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji kamar dussa nake taunawa.

Kada ku ce na daina ba da gaskiya. Da wani ya tare ni ya ce in bar Yesu, da sai an raba mu. Ba wanda ya ce. Ba wanda ya tsananta mini, ba wanda ya hana ni ruwa a rijiya. Ba ni da ciki, ba ni da goyo, ba ni da zazzaɓi. Gwado ne kawai ya yi daɗi.

Wata safiya na hura wuta na miƙe zan tafi, Inna ta ce, "Ladi, yau ma ba waƙa?"

Na yi ɗan tari na ce, "Maƙogwaro ke mini ciwo, Inna."

Ta ce, "Ayya. Tsaya." Ta lalubo ƙarƙashin matashinta da dungu biyu, ta daɗe tana fama, ta fito da ɗan ƙulli a tsumma. Citta ce, guntuwa, ba ta kai babban yatsa ba. A shekarar nan wannan dukiya ce, ita take ɗan gutsura ta sa a kununta don ɗari. Ta ce, "Ki tauna kaɗan-kaɗan, ki haɗiye ruwan."

Na karɓa. Hannu biyu na sa na karɓa, har da durƙusawa.

Daga nan sai shaiɗan ya kawo mini dabara, ko in ce ni na kawo wa kaina, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. A hanyar daji na ga wani gungumen ƙirya, irin itacen nan da in ya kama wuta yake ci a hankali kwana da kwanaki bai mutu ba. Ran Laraba da la'asar na mirgino shi har bukkar Inna, na sa bakinsa a murhu, ya kama. Na ce, "Inna, kin huta. Wannan zai yi kwana huɗu yana ci, ba ki ƙara kwana cikin ɗari ba. Kada dai ki ƙetare duwatsu."

Ta juyo da fuska wajen murhu. Can ta ce, "Maigidanki ya ce kada wuta ta kwana da ni."

Na ce, "Ai bai san ɗarin bana ba."

Ta ce, "To, ɗiyata. Allah shi ba ki lahiyar maƙogwaro."

Alhamis ban je ba. Juma'a ban je ba. Asabar ban je ba. Daga ƙofar ɗakina ana hango kan bukkarta, sai in leƙo da safe in ga hayaƙi na tashi siriri ta cikin ciyawa, in ce, ga shi, wuta na nan, in koma cikin gwado. Ran Lahadi ko hayaƙin ban duba ba. Ranar kasuwa ce, ranar sujada kuma, ni kuwa kasuwar na zaɓa, wai ko mota za ta zo da labarin maigida. Ba ta zo da komi ba. Na huce haushina a kan wani mai garin rogo da ya zuba mini mudu ba tozo, na yi ta zazzaga masa har mutane sunka taru.

Na komo a gajiye, ban binne wutata da kyau ba. Litinin na tashi toka ta yi sanyi ƙalau. Almeti, wato ashana, a lokacin sai gidan ma'aikata. In wutarka ta mutu, tsingaro kake ɗauka ka shiga maƙwabta, kuma duk unguwa an san wutar gidan ladan ce ke riga ta kowa tashi, don Zali na ɗumama wa Malam ruwan alwala. Na ɗauki tsingaro na tafi, rana ta riga ta fito.

Na yi sallama. Na ce, "Yaya Zali, ina kwana? Wuta nika so."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga fuskarta ba dariya. Ta ce, "A'a, matar kafinta. Murya ta komo?"

Na ce, "Da sauƙi."

"Da sauƙi ƙwarai. Na ji ki jiya kina wa mai garin rogo, har mahauta sun waiwayo. Na so in yi miki magana nan cikin mutane, na tuna tsohuwa ta haɗa ni da Allah." Ta karɓe tsingaron daga hannuna ta ajiye a kan darni. "Taho ki ga wuta."

Gungumena na fara gani, a waje, an jawo shi an kwara masa ruwa, ya yi baƙi. Da na sunkuya na shiga, ƙauri ya tare ni, na tsumma, da wani a ƙarƙashinsa wanda ba na tsumma ba. Duwatsu biyu sun goce daga layi. Inna na kwance, ƙafarta ta dama naɗe da tsohon zane wanda na san na Zali ne.

Zali ta tsaya a bayana tana magana ƙasa-ƙasa. "Ni ban san komi ba cikin addininku. Abin da na sani, in waƙarku ta tashi, lokacin ɗora kunun Malam ya yi. Da ta yi ƙasa, na ce ɗari ne. Da ta ɗauke, na ce ko kun sake lokaci. Jiya da asuba na fito ɗiban kara, ƙauri ya buge ni. Na ce, wa ke babbaka da asuba cikin wannan yunwa? Na bi hanci har nan. Tsohuwa ta mirgino cikin barci, ta bi ɗumi. Bakin gwado na ci, dunduniyarta na bisa bakin gungume. Barci take yi, Ladi. Barci mai daɗi. Sai da na tashe ta na gaya mata ƙafarta ce ke ci."

Zali ta ci gaba.

"Na ce bari in kira ɗiyarki. Ta maƙale mani zane da dungu, ta ce kada in tashe ki, ba ki da lahiya. Wai maƙogwaro."

Inna ta motsa ta ce, "Wane ne? Ladi ce? Sannu, ɗiyata. Ya wuyan?"

Na durƙusa na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata, kamar yadda ya kamata a ce na yi kwana huɗu da sunka wuce. Na warware zanen. Ba zan kwatanta muku ba. Dunduniyar da na saba shafa wa mai ba ta nan yadda na san ta, iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Ladan da kansa ya kawo jakinsa, ya taya mu ɗora ta, munka kai ta ɗakin magani. Mai maganin ya duba, ya girgiza kai, ya ce irin wannan ƙafa in ta ƙone ba ta son rufewa, kuma kada ta sake taka ta. Sannan ya ɗago ya ce, "Wa ke kula da ita?"

Zali ta ce, "Mu ne."

Da maraice, bayan mun mai da ita bukka Zali ta tafi girki, na zauna bakin shimfiɗarta. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito. Na ce, "Inna, maƙogwarona bai taɓa ciwo ba."

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Kullum maraice ina jin ki kina kiran baƙar akuyar nan taki. Mai ciwon wuya ba ta kira hakanan."

Na ce, "To don mi kinka ba ni cittarki?"

Ta ce, "Na ga dai wani abu na ciwo ga yarinyar nan, tunda ta bar waƙa. Ban san maganinshi ba. Citta nike da ita."

Nan kukan ya zo. Ta bar ni na yi, tana bubbuga bayana da dungu kamar yadda take buga ƙwarya. Da na lafa ta ce, "Ya isa, kada ki jawo ciwon na gaske. Kashe mani wutar nan ki tahi gida. Gobe da asuba ki taho da garwashi. Ki taho da murya kuma."

Na zo. Ɗarin ranar ya fi na kullum, ko kuwa ni ce na ji haka. Na hura wuta, na gyara duwatsu, na wanke ciwon da ruwan gishiri yadda mai magani ya nuna, na duba ɗaya ƙafar. Sannan na buɗe baki. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Na kai tsakiyar waƙa na ɓata, na tsallake wani wuri na faɗa gaba. Sai ga murya daga bayan darni: "Ba hakanan kuke yi ba! Akwai wurin da kuke hawa sama kahin ku sauko!"

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Kin ji, matar ladan ta kama ki. Koma baya."

Na koma baya. Zali da sallarta ta rayu, da sallarta ta mutu, Allah ya jiƙanta, amma har ɗari ya wuce ba ta bar ni na tsallake ko baiti ɗaya ba.

Ba zan ce muku zuciyata ta kama wuta ran nan ba. Ƙafa ce ta fara zuwa, zuciya ta biyo baya tana jan jiki. Na yi kwanaki ina waƙa don kawai an ce in yi. Karatun da ya zube, Inna ta riƙa tsinto mini shi guntu-guntu, ita ta tuna farko ni in tuna ƙarshe. Ban san ranar da addu'a ta daina zama dussa a bakina ba. Wata safiya dai na lura rana ta hau, ruwan wankin ciwo ya huce, mu kuwa ba mu gama ba.

Ƙafar ba ta rufe ba. Matar da take dogara sanda ta zo gidanmu ran Lahadi da kanta, ta zauna ƙarƙashin rumfa tana tsokanar masu wucewa, ba ta ƙara tsayuwa a kan ƙafafunta ba.

Maigida ya komo da bazara, ya rame, da rabin buhun masara da sabon zane. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce mu je ya gai da Inna. Ya shiga, ya ga ƙafa, ya dubi duwatsunsa bakwai suna nan a jere. Ya ce, "Inna, mi ya faru?"

Inna ta ce, "Na ƙetare iyaka, ɗana. Ka ce ko Kumandan ya kira kada in je. Ba ka ce komi ba a kan ɗumi."

Ya share ido. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Ladi. Ke kaɗai, cikin wannan yunwa." Da munka koma gida ya miƙo mini zanen.

Na ce, "Yauwa." Na karɓa. Shi ma da hannu biyu.

Shekara uku yana goya ta a bayansa duk Lahadi, daga bukkarta zuwa rumfarmu, ina biye da tabarmarta, har Allah ya ɗauke ta. Ita ba ta faɗa masa ba. Zali, mai bakin da ba ya ajiye magana, ta ajiye wannan. Ni kuma kullum sai in ce gobe. Munka haifi 'ya'ya, munka aurar, munka tsufa tare, ya tafi yana yabona a kan ɗarin nan. In baƙi sun zo har labari yake ba su.

Yanzu muna da ɗakin sujada na kwano, da bencuna, da mai karatu fiye da ɗaya. In ɗari ya sauka, rabin bencunan sai rana ta hau suke cika. Matasa suna jira in yi faɗa, tunda ni ce tsohuwa mai zuwa da fari, ni kuwa ba na yi, na san daɗin gwado fiye da su. Ba mai shiga maƙwabta ɗiban wuta kuma, kowa da almetinsa a aljihu, an huta. Sai dai ina tunanin da a yau ne, ban san abin da zai kai ni ƙofar Zali ba.

Cittar tana nan cikin kwallata, a tsummanta. Ban taɓa taunawa ba. Ta bushe kamar itace, ko ƙanshi babu. Na san Ubangiji ya yafe mini, Inna ma ta yafe tun ban buɗe baki ba, maigida kuwa bai ma san akwai abin yafewa ba. Amma ga shi ɗan ƙaurin zane ya sa ni neman bango.

To ku da kunka yi karatu kunka fi ni sani, ku gaya mini don Allah: wanda anka yafe wa tun kafin ya roƙa, ina zai kai kunyarsa ya ajiye?